Adakar Malam da Intanet: Wa Ke da Ikon Cewa a Ɗora?

Shekarun baya na bi wata tawaga mai ɗaukar hotunan tsofaffin rubuce-rubucen hannu zuwa gidan wani malami da ya daɗe da rasuwa, a wani tsohon gari da ba sai na ambaci sunansa ba. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, babban ɗan marigayin ya sa samari suka kinkimo adaka biyu ta ƙarfe. Ana buɗewa sai warin tsohuwar fata da ƙura ya cika wurin. Gafaka kan gafaka, wasu littattafan a cikin tadarishi, wasu kuwa warƙa-warƙa ne aka ɗaure da tsumma, gara ta cinye gefensu har ta fara lasar layin rubutu. Dattijon ya saurari takardar izinin da muka zo da ita, aka fassara masa inda ya nema, ya karɓi biro ya sa hannu da ajami. Muka kafa kyamara, muka yi kwana huɗu muna aiki hankali kwance.

Ran na biyar ƙanensa, wanda ba ɗakinsu ɗaya ba, ya dawo daga tafiya. Ya yi sallama, ya yi mana sannu da aiki, ya tsaya yana kallon fitilun da muka jera. Sannan ya juya ga wansa.

"Yaya, wa ya ce a ɗauki littattafan Malam?"

"Ni na ce."

"To ai ba a raba gadon nan ba, Yaya. Su Hajiya Babba fa, an shawarce su?"

Zauren ya yi tsit. Magada goma sha ɗaya ne a gidan, mu kuwa sa hannun mutum ɗaya ke cikin jakarmu. Muka kashe fitilu.

Abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai shi ne, da za a kai wannan magana gaban lauya a ce masa ya duba dokar haƙƙin mallaka, da ya ce babu abin dubawa. Yawancin abin da ke cikin adakar nan Risala ce da Ishriniya da littattafan Shehu Usmanu da na Abdullahin Gwandu da na Sarkin Musulmi Bello, sai kwafe-kwafen nahawu. Shehu ya rasu a 1817, Bello a 1837. Babu wata dokar haƙƙin mallaka a duniya da ta rage a kan kalmominsu. Amma aikin ya tsaya cik, kuma tsayawar ta dace. A ɗaya gefen kuma, ka shiga kowane zauren WhatsApp na masu son karatu za ka iske ana ta tura littattafan Abubakar Imam da na marubutan Kano da ke raye suna shan shayi a Sabon Titi, ba wanda ya tambayi kowa, alhali nan ne doka ke tsaye da sanda. Mun juya abin. Inda doka ta saki, a nan al'ada da amana suka riƙe, inda kuma doka ta riƙe, a nan muka fi sakin jiki. Duk wanda zai kafa ɗakin karatu na intanet a ƙasar nan, wannan kulli ne zai fara cin karo da shi.

A fara da tushe. Haƙƙin mallaka yana rataye ne a kan abin da mutum ya ƙirƙira, watau kalmomin, ko waƙar, ko hoton. Takardar da aka zuba su a kai dukiya ce daban. In abokinka ya rubuto maka wasiƙa, takardar taka ce, kana iya ajiye ta, ka sayar, ko ka kunna wuta da ita. Amma buga ta a jarida sai da yardarsa, domin kalmomin nasa ne. Haka take ga gidan adana kayan tarihi. Don an kawo wa Gidan Arewa da ke Kaduna ko wani laburaren jami'a takardun wani ɗan siyasa, takardun sun shiga hannunsu, amma haƙƙin rubutun bai biyo su ba sai in an rubuta hakan a takardar miƙawa. Kuma ko an rubuta, magadan ɗan siyasar ba za su iya ba da abin da ba nasu ba: wasiƙun da wasu suka aiko masa, haƙƙinsu na wurin masu aikowa.

Sai kuma a gane cewa aikin da muke kira da kalma ɗaya, mu ce "a mayar da shi dijital", a idon doka aiki biyu ne. Ɗaukar hoton shafi kwafi ne. Ɗora shi a intanet kuwa isar da shi ne ga jama'a. Kowannensu haƙƙi ne mai zaman kansa na mai abu, kuma sau da yawa ana halatta maka na farko a hana ka na biyu.

Dokar da ke aiki a Najeriya yanzu ita ce ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Ba ta bukatar marubuci ya yi rajista kafin ya sami kariya. Da ya sauke alƙalami haƙƙi ya tabbata, kamar yadda Yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka ta tanada, wadda Najeriya ta shiga a 1993. Saboda haka rashin ganin gargaɗin nan na "an hana kwafa" a bangon littafi bai zama hujja ba. Wa'adin rubutu da waƙa shi ne rayuwar mai shi, da ƙarin shekara 70 daga ƙarshen shekarar da ya rasu. Hotuna da fina-finai da sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 ne, kuma ba a ɗaura lissafinsu a kan mutuwar kowa ba, ana ƙirgawa ne daga fitowarsu.

Lissafin yana da sauƙi a baki. Abubakar Imam ya rasu a 1981, ke nan rubuce-rubucensa na ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2051. Abubakar Tafawa Ɓalewa an kashe shi a Janairun 1966, don haka littafinsa sai bayan 2036. Mutane da yawa in ka gaya musu haka sai su yi dariya, su ce ai littafin tun zamanin Turawa ne, kakanninmu ma sun karanta shi a elemantare. Tsufan littafi ba shi ake dubawa ba, ranar rasuwar marubuci ake dubawa. Akwai kuma inda lissafin ke cukurkuɗewa. Sa'adu Zungur ya rasu a 1958. In aka bi dokar yau, waƙoƙinsa za su zama na kowa ne bayan 2028. Amma dokar 1970 shekara 25 kacal ta ba da bayan mutuwa, wanda ke nufin a ƙarƙashinta wa'adinsa ya cika tun 1983, shekara biyar kafin a yi dokar da ta tsawaita wa'adi. Shin sabuwar doka ta tashi haƙƙin da ya riga ya kwanta dama? Irin wannan tambaya ce ake biyan lauya ya zauna a kanta, kuma ma'aikacin laburare mai hankali ba zai yanke ta shi kaɗai a gaban kwamfuta ba.

Abu ɗaya kuma yakan ɗauki masu haƙƙi da yawa, kamar albasa, kana ɓare wani ɓawo kana tarar da wani. Waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, na kowa ne. Amma tarin ayyukanta da Jean Boyd da Beverly Mack suka fassara suka wallafa a 1997, fassarar da sharhin nasu ne, sabon aiki ne mai nasa wa'adin. Haka malamin da ya zauna ya gwama kwafi biyar na wani littafin Shehu, ya yi masa ta'aliƙi da gabatarwa: matanin na Shehu ne, wahalar da ya ƙara a kai tasa ce. Jarida ta fi kowa rikici. Ɗauki shafi ɗaya na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939. Labarin da ma'aikacin jarida ya rubuta galibi na kamfani ne, to amma kamfanin fa? Jaridar ta tashi daga hannun Kamfanin Gaskiya ta koma na New Nigerian, shi kuma ya bi ta hannun gwamnatin tarayya kafin ya dawo hannun jihohin Arewa. A shafin nan dai akwai wasiƙar wani mai karatu daga Gusau, da waƙar da wani ya aiko daga Nguru, da hoton da wani ya ɗauka, da tallar wani kamfanin sabulu da ya shekara hamsin da rufewa. Kowanne da mai shi.

Sauti ma haka. Mamman Shata ya rasu a 1999, don haka waƙarsa, a matsayin kalmomi da karin da ya ƙirƙira, tana da kariya har 2069. Faifan da aka naɗe ta a kai kuwa yana iya zama na kamfanin faifai ko na gidan rediyo, da nasa wa'adin na shekara 50. Faifan da aka fitar a farkon shekarun 1970 wa'adinsa ya ƙare, amma waƙar da ke cikinsa ba ta ƙare ba. Ga makaɗa da 'yan amshi, su ma doka ta san da haƙƙin mai gabatarwa. Wanda ya tsinci kwalin kaset-kaset a gidan kakansa ya ce zai zuba su a intanet "don tarihi", niyyarsa mai kyau ce, amma kyawun niyya ba ya cikin abubuwan da alƙali ke aunawa.

Dokar ba ta rufe ƙofa ruf ba. Ta yi wa ɗakunan karatu da gidajen tarihi sassauci: suna iya yin kwafi don ceton abin da ke lalacewa ko maye wanda ya ɓace, muddin ba don kasuwanci ba ne. Ta kuma yarda da ɗibar wani yanki daidai gwargwado don nazari ko bincike ko sharhi, inda ake duba manufar mai ɗiba, da yawan abin da ya ɗiba, da ko ya kashe wa mai abu kasuwa. Ma'anar wannan a aikace ita ce: ka ɗauki hoton komai kafin gara ta riga ka, wannan da wuya ya jawo maka magana. Inda ake taka sawun ɓarawo shi ne wajen buɗe wa duniya.

Amurka ta gwada iyakar wannan a kotu, kuma shari'o'inta biyu sun isa misali. Google ya fara ɗaukar hoton miliyoyin littattafai a 2004, marubuta suka kai ƙara a 2005, aka yi shekara goma ana fafatawa. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ba Google gaskiya, dalili kuwa shi ne ba ya nuna littafin gaba ɗaya, sai 'yan layukan da ke kewaye da kalmar da ka nema. Internet Archive kuwa, wani ɗakin karatu na intanet, ya riƙa ba da aron cikakken littafi ga mai karatu ta intanet. Manyan kamfanonin ɗab'i huɗu suka maka shi a kotu a 2020, ya sha kaye a 2023, ya ɗaukaka ƙara ya sake shan kaye a 2024, kuma littattafai sama da 500,000 aka janye daga aro. Nakan ji matasanmu masu ƙwazo suna kafa hujja da hukuncin Google. Hukuncin kotun Amurka ne a kan dokar Amurka, wadda ta fi tamu faɗi a wannan fanni, kuma ko a can ɗin ma an ga inda igiyar ta tsinke.

Matsalar da ta fi cin lokaci ita ce ta ayyukan da masana suka laƙaba wa suna marayu: kana da yaƙinin wa'adinsu bai ƙare ba, amma ba ka san mai su ba, ko ka san sunansa ba ka san inda magadansa suke ba. Birtaniya ta ɓullo da tsari a 2014 inda hukuma ke ba ka lasisi bayan ka nuna ka yi cigiya ta haƙiƙa, a ajiye kuɗin ko mai abu zai ɓullo. A wurinmu marayun nan sun fi masu iyaye yawa: ƙasidun da aka buga a ƙananan maɗaba'un Kano da Zariya ba shekara ba adireshi, waƙoƙin siyasar NEPU da NPC, hotunan ɗakunan ɗaukar hoto da suka rufe tuntuni. Sa'ar da muka yi ita ce mawaƙanmu na da sukan sa hannu a cikin waƙar kanta. A baitocin ƙarshe za ka ji ya ce in an tambayi wanda ya yi waƙar nan a ce wane ne ɗan wane na unguwa kaza, wani ma har ya ƙulla shekarar da ramzi, watau da haruffa a maimakon lambobi. Daga nan cigiya ke farawa, kuma cigiyar ƙasar Hausa ba a kwamfuta ake yin ta ba. Sai an je wurin mai unguwa, an tambayi limami, an nemi tsofaffin almajiran mutumin, in ta kama a ba da sanarwa a rediyo. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne rubuta duk wannan: ranar da aka je, wa aka tambaya, me ya ce. Ran da jikan mawaƙin ya ɓullo da fushinsa, wannan rajistar ce za ta nuna masa ba a raina kakansa ba. Ya kamata kuma a ce kowane shafi na ɗakin karatun yana ɗauke da hanyar da mai ƙorafi zai bi a sauke abu cikin gaggawa, tun da sabuwar dokar ma ta tanadi tsarin sanarwa da saukewa.

Tatsuniya da karin magana da waƙoƙin daka da na gaɗa, waɗanda kowa ke ɗauka ba su da mai su, dokar Najeriya ta ba su kariya ta musamman, ta kuma danƙa ikon ba da izinin amfani da su ta fuskar kasuwanci a hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa. Mutane kaɗan ne suka san da wannan.

Mu koma zaure. Tun da doka ta saki kalmomin Shehu, me ya ba magadan malamin nan ikon tsayar da mu? Takardar tasu ce, gidan nasu ne, kuma ba mai kai kyamara kan dukiyar wani sai da yardarsa. Ikonsu na mallakar dukiya ne da na yarjejeniya. Dukiyar da ba a raba ba kuwa ta dukkan magada ce, maza da mata, kowa da rabonsa, kuma girman shekarun Yaya bai mayar da shi wakilinsu ba sai sun wakilta shi. Wani lokacin ma littattafan ba na magada ba ne sam. Ka duba warƙar farko ko ta ƙarshe, za ka iya iske an rubuta cewa waƙafi ne ga masallaci kaza ko ga masu neman ilmi, ba a sayarwa ba a gādo. A nan sai a nemi mai kula da waƙafin. Wani littafin kuma aro ne da malamin ya karɓa daga abokinsa shekara sittin da suka wuce, mutuwa ta riske shi bai mayar ba.

Da zarar an ɗauki hoton sai sabuwar tambaya ta taso: hoton na wa? Wata kotun Amurka ta yanke a 1999 cewa hoton da ya kwafi tsohon zane daidai wa daida bai zama sabon aiki ba, domin babu ƙirƙira a cikinsa, kuma Tarayyar Turai ta sa irin wannan ƙa'ida a dokarta ta 2019. Ke nan cibiyar da ta manna tambarinta a kan hoton littafin Muhammadu Bello ta ce haƙƙinta ne, tana tsaye ne a kan ƙasa mai zamewa. Ikon da take da shi na gaske shi ne na mai riƙe da makulli. Saboda haka ne yarjejeniyar farko ke da nauyi, don ita ce kaɗai wurin da masu littafi za su iya gindaya sharaɗi.

Akwai tsare-tsaren da suka gwada yin adalci. Shirin ceton taskokin da ke cikin haɗari na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004 da kuɗin gidauniyar Arcadia, sharaɗinsa shi ne asalin takardu ba sa barin ƙasarsu, a bar kwafi a wata cibiya ta cikin gida, a kai kwafi London, a buɗe wa masu karatu kyauta bisa lasisin da ya hana kasuwanci da su. A Mali, bayan 'yan bindiga sun mamaye Timbuktu a 2012, Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa suka kwashe dubban ɗaruruwan littattafan iyalai zuwa Bamako a cikin akwatuna. Ɗakin karatun HMML da ke jihar Minnesota ta Amurka ya shiga aikin ɗaukar hotunansu, kuma ƙa'idarsa ita ce littattafai da ikon wallafa hotunansu suna nan a hannun masu su, mai bincike yana karantawa ne kawai a shafinsu. Ba na cewa waɗannan ba su da aibi. Mai kuɗin kyamara da wurin ajiyar bayanai yakan fi ƙarfin murya a wurin ciniki, ko da kuwa takarda ta ce daidai suke.

Wani tarkon da ban cika jin ana maganarsa ba shi ne na tsohon izini. Tun shekarun 1960 masana irin su Abdullahi Smith da John Hunwick da Murray Last suka bi gidajen malamai da fadoji suna aron littattafai, ana ɗaukar su a siririn fim ana ajiyewa a Ibadan da Zariya. Tarin littattafan Umar Falke, malamin Kano kuma ɗan kasuwa da ya rasu a 1962, yana Jami'ar Northwestern a Amurka. Malamin da ya ba da aron littafinsa a wancan zamani, abin da ya fahimta shi ne wani ɗalibi zai zauna a wani ɗaki ya karanta. Bai taɓa jin sunan intanet ba, balle ya yarda jikan maƙwabcinsa ya buɗe shi a waya a bakin kasuwa, balle kuma injinan da ke kwashe rubutu suna koyar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira. A ce wai an riga an ba da izini tun 1965, wannan ɗora wa mamaci maganar da bai faɗa ba ne. In ana iya samun zuriyarsa, komawa wurinsu ya fi.

Sannan akwai abin da ke cikin adakar da ba littafin karatu ba. A tsakanin warƙoƙin fiƙihu muka ci karo da kundin malamin: hatimai, laƙanoni, sunayen itatuwa da yadda ake haɗa su, wani an rubuta a gefensa cewa ba a bayar da shi sai da izini. A tsarin malamanmu irin wannan ilmi baki da baki yake tafiya, daga malami zuwa almajirin da ya yarda da hankalinsa. Wani abokin aikinmu ya kawo hadisin da ke gargaɗin mai ɓoye ilmi da linzamin wuta. Ƙanen nan ya dube shi ya ce, "Malam, wannan ai a kan ilmin da mutum ke bukata don addininsa ne. Ga Risala nan, ku ɗauka ku kai ko'ina. Wannan kuwa amana ce." Ban ga abin da za a ce masa ba. Shi ma zancen cewa Musulunci bai san haƙƙin marubuci ba, wanda masu satar littafi ke fakewa da shi, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta yi magana a kansa a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, inda ta ce haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, bai halatta a keta shi ba.

Muka kuma tarar da wasiƙu da jerin basussuka, da wata takardar fansa mai ɗauke da sunan wata baiwa da 'ya'yanta. Wannan ya fi kundin tayar mini da hankali. Sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a dokar Arewa, kuma littattafan kotunan alƙalai da na majalisun sarakuna na farkon zamanin Turawa, irin na Sarkin Kano Abbas, cike suke da shari'o'in fansa da saki da gado da zargin sata, kowa da sunansa da na ubansa da garinsu. Ga masanin tarihi wannan zinariya ce. Amma jikokin mutanen nan suna raye, wasu masu sarauta ne, wasu ana neman auren 'ya'yansu, kuma kowa ya san abin da kalmar "asali" ke iya yi wa aure a ƙasar Hausa. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 rayayyu take karewa. Dokar haƙƙin mallaka ba ruwanta. Babu dokar da za ta hana ka ɗora takardar nan, sai dai kunya da tunani. Da tana kwance a Kaduna, sai wanda ya yi tattaki ya cika fom zai gan ta. A intanet kuwa, duk wanda ya rubuta sunan gidan zai iya faɗawa kanta.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauka zaɓi biyu ne kawai, ko a buɗe ko a kulle. Ana iya hawa-hawa. Wani abu a sake shi ga kowa. Wani a nuna bayaninsa a kundin laburare amma hoton sai an zo an zauna. Wani a sa masa wa'adin shekaru. Wani a ajiye kwafinsa don tsaro kawai. Mutanen Warumungu na arewacin Ostireliya sun haɗa kai da masu bincike aka gina manhajar Mukurtu a kan wannan tunani, inda al'umma ke tsara wa zai ga me bisa al'adarsu. Sunan ma na jakar da dattawansu ke adana kayan alfarma ne, kusan abin da za mu kira gafaka.

Takardar izinin kanta, in da Turancin lauyoyi aka rubuta ta, aka miƙa wa dattijon da Larabci da ajami ya iya, sa hannunsa bai nuna ya yarda ba, ya dai nuna ya girmama baƙi. A rubuta ta da Hausa, a karanta a gaban shaidu, a rarrabe tambayoyin: ka yarda a ɗauka? Ka yarda a ɗora? Ka yarda wani ya buga ya sayar? Da wane suna za a ambaci gidanku? A bar musu kwafin hotunan a hannu, a abin da za su iya buɗewa. A kuma gaya musu gaskiya game da lasisin Creative Commons, watau lasisin sakin abu ga kowa, da masu ba da tallafi ke so: ba a janye shi. Wanda ya sauke abu a ƙarƙashinsa yau ya sauke ke nan, ko gobe an canza shawara. Duk abin da aka amince a kai kuma a rubuta shi a jikin bayanin kowane hoto, domin ma'aikata na canzawa, wanda ya zauna a zauren zai yi ritaya, wanda ya gaje shi fayil kawai zai gani.

Mu dai sai bayan mako uku aka tara magadan, ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Hajiya Babba, wadda ita ce babbar 'yar marigayin, ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida. Aka karanta takardar da Hausa, sakin layi bayan sakin layi. Da aka gama ta kira ni.

"Ɗan nan, in an sa abu a wayar nan, ana iya cire shi?"

Na ce, "Hajiya, daga wurinmu ana iya cirewa. Amma wanda ya riga ya sauke a tasa wayar, ba mu da iko da shi."

Ta yi shiru jim kaɗan, ta ce littattafan karatu da waƙoƙin wa'azi a sa, Allah ya kai ladan kabarin Malam. Wasiƙu a ɗauka a ajiye, mai so ya zo ya karanta a wurinmu. Takardar fansar nan a bar ta tukuna, akwai waɗanda za ta fara yi wa magana. Kundi kuwa ta sa aka goge hotunan da muka riga muka ɗauka a gabanta, ƙanen ya tsaya a kaina har na gama, aka mayar da shi gafakarsa.

A kundin bayanan aikin, lambarsa na nan: warƙa 64, Larabci da ajami, tawada baƙa da ja, babu hoto. Sau biyu masu bincike suna rubuto wasiƙa suna tambaya ko kuskure aka yi wajen ɗorawa. Mukan amsa musu cewa littafin yana hannun iyalin, in suna so a nema musu iso.